Kafin Ka Sayi Iri: Darasin Fara Lambu A Bayan Gida

Tun farko bari in faɗi gaskiya, ni ba sashen noma nake ba. Akanta nake karanta, kuma bana nake kammala difloma in Allah ya yarda. Abin da zan kawo muku ba a lakca na samo shi ba. A bayan ɗakin mahaifiyata a Zuru na koye shi, bayan na yi asarar kuɗi da gumi, har ƙannena suka samu abin yi mini dariya.

Mu mutanen ƙasar Zuru ba baƙin fartanya ba ne. A al'adar Dakarkari, saurayi kan yi golmo, wato ya yi wa surukansa noma na shekaru, har zuwa bakwai, kafin a ba shi mata. Bikin Uhola ma na godiya ne bayan an kawar da amfanin gona. Amma duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da ya faru a shekarun nan. 'Yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu a ƙasar Danko-Wasagu da Sakaba. Gonarmu ta gado tana can, kuma 'yan uwanmu da suke noma ta sun dawo cikin gari, wasunsu a gidanmu suka sauka. Baki ya ƙaru, rumbu bai ƙaru ba. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, ya ja kayan miya suka bi shi. Na ga Inna tana raba tumatir uku gida biyu, rabi na rana, rabi na dare.

A watan Oktoba na shekarar, ina zaman jiran shiga makaranta, sai na ce bari in yi lambu a kangon da ke bayan gidanmu. Na share fili mita 10 a tsaye, mita 6 a kwance. Na sayo iri kala bakwai, na kwaso ɗanyen kashin kaji na zuba, na yi shuka, na koma ina lissafin riba. Cikin mako uku takin ya ƙone rabin tsiron. Ɗibar ruwa ta kusa karya mini baya. Ɗan abin da ya rage kuma, ranar kasuwa da babu kowa a gida, awaki suka shiga suka yi walima.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana lambu a fadama. Ya leƙo ya ga ɓarnar, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai daga ƙarshe ka faro. Ruwa tukuna, sannan shinge, sannan ƙasa. Iri shi ne auta."

Na ce, "Baba, ai da ka faɗa mini tun farko."

Ya ce, "Ka tambaya ne?"

Wannan jerin na Baba shi ne darasinmu na yau. Da shi na sake gwadawa a 2024, lokacin da na koma gida yin SIWES, kuma lambun yana nan har yanzu.

Darasi Na Ɗaya: Ruwa Ke Yanke Girman Lambu

Yawancinmu fili muke dubawa mu ce ga girman lambun da za mu yi. Kuskure ne. Da rani a ƙasarmu, kowane murabba'in mita ɗaya na ganye yana shan ruwa kimanin lita 5 zuwa 7 a rana, ya danganta da zafi da iska. To, mu yi lissafi. Filin da na fara sharewa murabba'in mita 60 ne. Ko da lita 5 aka buga, lita 300 ke nan kullum, wato jarka 12 mai cin lita 25. Wa zai iya wannan da guga, safe da yamma, har wata huɗu? Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

A karo na biyu fangali huɗu kawai na yi, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 3. Jimla murabba'in mita 12, jarka uku a rana. Ƙanwata ma tana iya wannan kafin ta tafi makaranta. Saboda haka ka fara tambayar kanka: jarka nawa zan iya samu kullum, ba a Nuwamba kaɗai ba, har a Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja da baya? Amsar ita ce girman lambunka.

Kada ka raina ruwan da ake zubarwa a gida. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa, da na wankin kayan miya, duk a tara a baho guda. Amma ban da ruwan wanki mai sinadarin cire datti, kuma ban da ruwan kwata, musamman ga abin da ake ci ɗanye kamar latas da lansir. A yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. In ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a kan fangali, danshi zai daɗe kuma ciyawa ba za ta dame ka ba. Sai dai ka riƙa ɗagawa kana duba gara.

Darasi Na Biyu: Wuri Da Shinge

Kayan lambu na son rana aƙalla awa shida. Ka tsaya a wurin da safe, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwar katanga da ta bishiya ke faɗawa. Ƙarƙashin mangwaro ba wurin tumatir ba ne, ga inuwa, ga saiwar bishiyar tana ƙwace ruwa. Ka nisanci masai da bola da duk inda aka taɓa zubar da baƙin mai ko tsofaffin batura. Kuma wurin ya zama kusa da inda kake wucewa kullum, don lambun da ido ba ya gani shi ke fara mutuwa.

Sai shinge. Wallahi in ba za ka yi shinge ba, gara ka ba awaki kuɗin irin kai tsaye, ka huta. Ba sai ka sayi waya ba. Bayan kaka karan dawa na nan birjik, a yi darni mai kauri, a kafa masa itace masu ƙarfi, tsawonsa ya kai ƙirjin babba. Ƙasansa ya matse sosai saboda kaji, domin kaza ɗaya tana iya tone gadon reno gaba ɗaya kafin ka gama karin kumallo. Ƙofar ma a yi mata abin ɗaurewa, a kuma koya wa yaran gida rufewa. Ni nawa shingen sai da ya tsaya cik kafin in sa fartanya a ƙasa.

Darasi Na Uku: Ƙasa Da Taki

Ka ɗebo ƙasar wurin, ka ɗan jiƙa ta, ka damƙe a hannu. In ta warwatse da ka buɗe hannu, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta manne kamar ta maginin tukunya, laka ce, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Wadda ta dunƙule amma ta farfashe da ka ɗan taɓa ta, ita ake nema. Abin daɗin shi ne, yashi ne ko laka, maganin ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki. A wurare da yawa a Zuru za ka haɗu da tsakuwa da marmara. Ka kafta ƙasar zurfin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka tsince duwatsu, ka farfasa hoge.

Kalmar da nake so ka riƙe ita ce "ruɓaɓɓe". Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya ƙone mini shuka. Ka haƙa ɗan rami a gefe, ka riƙa jera busasshen ganye, da kashin dabbobi, da ɓawon kayan miya, da 'yar toka kaɗan. Ka yayyafa ruwa ya yi danshi, ka juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, zafinsa ya tafi, ƙamshinsa ya koma na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. In ba ka da lokacin jira, nemi tsohon takin turke wanda ya kwana biyu a jibge. Bokiti ɗaya zuwa biyu ya ishi murabba'in mita ɗaya. A cakuɗa da ƙasa, a ba shi ruwa, a bar shi mako guda kafin shuka. In za ka ƙara da takin zamani, ɗan kaɗan ya isa, kuma a gefe ake binne shi, ba a jikin shuka ba.

Siffar fangali tana bin lokaci. Da rani ana yin sa a kwance da ɗan gefe kewaye don ya tare ruwa, irin yadda masu albasa ke yi a Aliero. Da damina kuwa ɗaga shi ake yi kamar taƙi ɗaya, don ruwan sama ya gangare. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Ƙasar da ake takawa daskarewa take yi.

Darasi Na Huɗu: Yanzu Ne Za Ka Sayi Iri

Ƙa'ida ta farko: shuka abin da tukunyar gidanku ke ci. Ƙa'ida ta biyu: kowane iri da lokacinsa.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na tumatir, albasa, latas, karas, kabeji, lansir da tafarnuwa. Tumatir ba ya son zafin bazara, in zafi ya tsananta fure yake zubarwa. Shi ya sa ake son reno ya fara tun Oktoba. Bazara da damina kuwa na alayyahu ne, da lalo, da kuɓewa wadda wasunmu ke kira guro, da gauta da attaruhu. Rama da yakuwa sun fi yi da damina. Kuɓewa ba ta son hunturu, zama take yi ta ƙi girma.

Ga mai farawa, alayyahu ne abokin arziki. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, sai a cakuɗa da yashi a yafa, don kada ya fito a cunkushe. Cikin mako huɗu zuwa biyar an fara ci. In ka yanka sama ka bar gindin, zai sake tohowa. Kada ka shuke fangalin duka rana ɗaya. Raba shi biyu ko uku, ka sa tazarar mako biyu, yadda wani na ƙarewa wani na isowa.

Lalo yana da taurin fitowa. A ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu kamar goma, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tazarar kamu ɗaya. Tana fara 'ya'ya cikin mako shida zuwa takwas, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta rage haihuwa.

Tumatir, attaruhu da albasa sai an yi musu reno. Tumatir na yin mako uku zuwa huɗu a gadon reno, attaruhu biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Dashe da yamma ake yi, a ba gadon ruwa tukuna don a ciro tsiron da ƙasarsa. Tumatir da attaruhu tazarar kamu ɗaya ko fiye, albasa rabin taƙi. In tumatir ya tasa a kafa masa sanda. In ka ga gindin 'ya'yansa yana baƙi, yawanci ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau ambaliya gobe ƙishi.

Kafin ka zuba iri a ƙasa, gwada shi. Ɗauki ƙwaya 10, naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda in bakwai ko takwas sun tsira, irin na da kyau. In uku ne, ka koma wurin mai shi. Sannan in ka ga an rubuta F1 a jikin leda, iri ne na haɗi. Yana ba da amfani sosai, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa, ba lallai su fito kamar iyayensu ba.

Ganyayen Ƙamshi

Waɗannan ba sa cin wuri, kuma yawancinsu kyauta ake samu a wurin maƙwabta. Daddoya tana kamawa ta reshe ko ta iri. In ta fara fure a riƙa tsinke kan, za ta ƙara rassa. Na'ana'a ma reshe ake dasawa, tana son danshi da 'yar inuwa, amma a sa ta a tsohon baho ita kaɗai, domin in ta samu fangali mamaye shi take yi. Shuwaka sanda ake kafawa. Zogale a shuka shi ta cikin shinge, in ya kai ƙugu ko ƙirji a datse kansa don ya yi rassa, hannu ya riƙa kai wa ga ganyen.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Mu da ke rayuwa a kan gari da taliya a makaranta mun san nisanmu da wannan adadi. Ganye irin su alayyahu da zogale na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini da kuma abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sai dai a rage dafa su har su mutu, a kuma rage kanwa, don tana lalata wasu bitamin. Ganyen ƙamshi abinci ne, ba madadin asibiti ba. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.

Ƙwari Da Batun Magani

Baƙi za su zo: darɓa, farin ƙuda, fara da tsutsa. Mafi sharri ga tumatir ita ce Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon. Ita ta yi mummunar ɓarna a gonakin Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016. Cikin ganye take shiga, sai ka ga wasu fararen tabo kamar an kankare. A ƙaramin lambu babban makaminka ido ne. Kowace safiya ka juya bayan ganye ka duba. Wanda ya kamu ka cire, ka binne ko ka ƙone.

Dogon yaro na taimakawa. A ɓare busassun 'ya'yansa, a daka ƙwayar, a jiƙa kimanin giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, ya kwana. A tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Haka kuma kada ka maimaita dangi ɗaya a fangali ɗaya. Tumatir, attaruhu, tattasai, gauta da yalo 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda tumatir ya tashi, sa albasa ko wake.

Roƙona shi ne kada ka ɗauki maganin sauro ko na kyankyasai ka fesa wa ganyen da ƙannenka za su ci gobe. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. In wasu sun ƙi saye saboda lafiyar mutanensu, mu me zai sa mu zuba a miyarmu? In dole sai an yi feshi, a tambayi malamin gona, a karanta kwanakin jira kafin girbi da ke jikin kwalba, a kuma kiyaye su. A jiharmu akwai malaman gona na hukumar KARDA. A Zuru kuma ga Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a 2020 a mazaunin tsohuwar Kwalejin Noma. Ɗalibanta 'yan uwanmu ne, kada girman kai ya hana mu tambaya kamar yadda ya hana ni.

Wanda Ba Shi Da Fili Fa?

Mai zaman haya ko ɗakin kwanan ɗalibai bai fita ba. Buhun shinkafa, fasasshen bokiti, ko jarkar da aka yanke duk lambu ne. A huda ƙasansu, a zuba 'yar tsakuwa, a cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Bokiti ɗaya, attaruhu ɗaya. Baho ɗaya na alayyahu ya isa kwaɗo. Amma kada a yi amfani da mazubin da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Ka kuma shirya wanda zai ba su ruwa in an tafi hutu, don shuka ba ta san an rufe makaranta ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na OFN, inda aka yi kira ga gidaje da makarantu su noma duk filin da ke kusa da su. A Kuba, da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991 mai da taki suka yanke, mutanen Havana kangayen birni suka mayar lambu. Ina ba ƙungiyarmu ta ɗalibai shawara ta nemi hukumar makaranta ta ba mu ɗan fili kusa da famfo. Ko fangali goma ne a fara da su, kowane sashe ya riƙe ɗaya.

Kammalawa

Da yake akanta nake karanta, na ware littafi ina rubuta ranar shuka, ranar dashe, abin da na kashe da abin da aka tsinka. Kai ma ka yi haka, shi zai nuna maka kuskurenka baɗi. Littafina bai ce na yi kuɗi ba. Fangali huɗu ba su maye mana gonarmu ba, ba su kawo buhun dawa ko ɗaya ba, kuma har gobe addu'armu ita ce zaman lafiya ya dawo mutanenmu su koma gonakinsu. Abin da ya nuna shi ne, watanni da dama ba a sayi ganye a gidanmu ba, kuɗin ya koma wurin manja da daddawa. Matar kawuna da ta baro ƙauye, wadda da take wuni a zaune shiru, yanzu ita ce mai kula da lambun, har ta ƙara fangali biyu na lalo da rama da damina.

Ranar da zan dawo makaranta Inna ta ƙulle mini busasshen zogale da daddoya a leda, ta ce, "Ungo, ɗan boko, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Don haka hutun nan in ka koma gida, kada ka fara da kasuwar iri. Fara ƙirga jarkokinka, ka kafa darni, ka haƙa ramin taki. Allah ya sa albarka a hannunmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.